Me Ke Hana Mu Neman Abin Da Muke So? Darasi Daga Cikin Birnin Kano



Akwai wani abu da kowane malamin aji ya sani. Malami ya yi tambaya, aji ya yi tsit. Ya maimaita, ba wanda ya ɗaga hannu. Da ya gaji ya faɗi amsar da kansa, sai ka ji ƙus-ƙus daga bencin baya, wani yana ce wa na kusa da shi, "Ai abin da na so in faɗa ke nan." Yaron nan ya san amsa. Ba wanda ya danne masa hannu, ba wanda ya toshe masa baki, shi ne ya riƙe kansa. A cikin aji abin ƙarami ne. Amma in ya bi mutum har girma, shi ne zai hana shi cika takardar neman shiga jami'a, ya hana shi koyon sana'ar da ransa ke so, ya hana shi buɗe baki ya nemi abin da yake hakkinsa ne. A kan wannan darasinmu yake. Domin kada mu yi ta magana a iska kuwa, za mu ɗauko misalanmu daga wuri guda, watau tsohon birnin Kano, cikin ganuwa.

Ganuwa da ƙofofinta

Wanda ya zo Kano ta hanyar Zariya ya nufi cikin gari zai shiga ta Ƙofar Nassarawa ko ta Ɗan Agundi, zai kuma ga ragowar wani dogon tudun jar ƙasa yana bin gefen titi. Wannan ita ce ganuwa, wadda Kanawa suka fi kira badala. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi zamani daga 1463 zuwa 1499, ya ƙara mata faɗi, shi ne kuma ya kafa Kasuwar Kurmi, ya gina gidan sarautar da har yanzu ake kira Gidan Rumfa. Turawan da suka ci Kano da yaƙi a watan Fabrairu na 1903 sun rubuta cewa tsayinta ya kai ƙafa 30 zuwa 50, kaurinta a gindi kuwa wajen ƙafa 40. Kowace ƙofa da Sarkin Ƙofarta, in dare ya yi a rufe, sai gari ya waye. Yau kam ruwan sama ya cinye wani sashe, masu ɗibar ƙasa sun kwashe wani, an yi gine-gine a kan wani. Waɗansu ƙofofin an rushe su an sake gina su da faɗi saboda motoci, ba kuwa a rufe su da dare.

Ga abin da nake so ku lura da shi. Ko a zamanin da ganuwar take tsaye da ƙarfinta, ba ta hana Bakano fita ba. Ayarin fatake yakan tashi daga Kano zuwa Gwanja, a arewacin ƙasar Gana ta yanzu, su kai tufafi da kanwa da fatu, su komo da goro. Tafiyar watanni ce a ƙasa, da jakuna, madugu na gaba. Wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta yadda tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano suke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Ashe kakannin mutanen birni ba masu noƙewa ba ne. To, in katangar ƙafa 50 ba ta tsare su ba, mene ne yake tsare jikokinsu, da mu duka, yanzu da ƙofofi suke a buɗe dare da rana?

Gado da haye

Abu na fari shi ne tunanin nan na "wannan ba namu ba ne". In ka zaga cikin birni za ka ji sunayen unguwanni da kansu suna faɗin aikin mutanen cikinsu. Ga Dukawa ta masu aikin fata, ga Soron Ɗinki ta maɗinka, ga Majema inda ake jima, ga Madabo da aka sani da malanta tun zamanin Wangarawa. A Ƙofar Mata akwai marinar da ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta, da baba da toka. Yaro ya buɗe ido ya ga ubansa a bakin karofi, hannu ya yi shuɗi har gwiwar hannu, shi ma nan zai zauna. Wannan shi ne gado. Wanda kuwa ya shiga sana'ar da bai tarar a gidansu ba, sai a ce haye ya yi, ko a kira shi shigege, kalmar kuwa ba ta yabo ba ce.

Kada mu yi wa gado rashin adalci. Yaron da ya gaji sana'a ya sami malami kyauta, da kayan aiki, da masu ciniki da suka san sunan gidansu tun kafin a haife shi. Fatar akuyar nan mai laushi da Turawa suka daɗe suna saye da sunan fatar Maroko, da yawa daga cikinta a ƙasar Kano da Sakkwato aka jeme ta, Maroko hanya ce kawai da ta bi. Irin wannan gwaninta ba a samunta a tsara ɗaya.

Inda gado yake cutarwa shi ne sa'ad da ya zama iyaka. Ɗan mahauci yana da ƙwaƙwalwar lissafi da kimiyya, yana sha'awar aikin likita, amma kafin kowa ya ce masa uffan shi da kansa ya riga ya tambayi kansa, "Ni ɗan wane ne?" Ya janye. Tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, tana nan bayan ganuwa kusa da Ƙofar Kabuga, yaro daga Mandawari zai iya zuwa da ƙafa. Amma akwai waɗanda a zuciyarsu ta fi Landan nisa. Akwai kuma juyin wannan, wanda a ganina ya fi yawa a tsakaninmu 'yan makaranta. Saurayi ya gama sakandare, hannunsa ya iya kafinta ko ɗinki, yana kuwa jin daɗin aikin ƙwarai, amma yana ganin wanda ya riƙe biro bai kamata a gan shi da zarto ba. Sai ya ajiye takardarsa a ƙarƙashin katifa, ya zauna majalisa shekara da shekaru yana jiran aikin ofis da ba ya zuwa.

Bari mu dubi wani da ya riƙe gadonsa amma bai bari ya ɗaure shi ba. An haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji a 1877, cikin zuriyar Agalawa, waɗanda fatauci gadonsu ne. Mahaifinsa ya rasu yana yaro, mahaifiyarsa ta tafi Akra, babban birnin Gana na yanzu, wata tsohuwa da ake kira Tata ta riƙe shi, daga nan sunan ya samo asali. Da ya girma ya bi cinikin goro kamar iyayensa, amma bai tsaya ga tsohuwar hanyar ayari ba. Yana cikin na farko da suka riƙa loda goro a jirgin ruwa daga bakin tekun Gana zuwa Ikko, daga can a yo arewa da shi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya fara jigilar kaya sosai a 1912. Turawa suna tsammani auduga zai riƙa kwasa, sai ga shi gyaɗa ce ta cika taragu, gama manoma da fataken Kano sun yi nasu lissafin, sun ga inda riba take. Ɗantata ya zauna a unguwar Koki, a 1918 ya zama mai sayen gyaɗa wa Kamfanin Neja. Da ya tashi yin ajiya a banki a Kano, a lokacin da attajirai da yawa suka fi amincewa da tukunya a binne a ƙuryar ɗaki, ana faɗin cewa kayan raƙumi 20 na kuɗin azurfa ya kai ajiya. Ya rasu a 1955, ana lissafa shi attajiri mafi dukiya a Afirka ta Yamma. Sau uku ke nan yana yin abin da ba a saba yi a gidansu ba: jirgin ruwa, gyaɗa, banki. Kowane ɗaya kuwa yana iya cewa "ba namu ba ne" ya zauna, ba mai ganin laifinsa.

"Me mutane za su ce?"

Nan ne zan fi daɗewa, domin a ganina wannan ne babban. Bahaushe ya ce tsoro na daji, kunya na gida. Cikin birni kuwa ko'ina gida ne. Lunguna ƙanana, gida yana jingine da gida, a kowace kwana akwai zaure ko dakali da dattawa ko samari suke zaune. Duk wanda ya wuce an san shi, an san ubansa, an san kakansa. Wannan zama yana da daɗinsa. Ba mai ciwo shi kaɗai, ba mai biki shi kaɗai, yaro kuma in ya yi ba daidai ba kowane babba yana iya tsawata masa. Amma yana da tsadarsa, gama mutum yakan ji kamar kowane takunsa akwai ido a kai.

Kunya kanta abu ne mai kyau, kada wani ya ce na ce a yar da ita. Ita ce take sa yaro ya rusuna wa babba, ita ce take sa suruki ya cire takalmi tun daga nesa, ita ce take hana uwa kiran sunan ɗanta na fari. Amma akwai wani abu dabam da yakan ari rigar kunya ya sa, shi ne tsoron dariya. Ga yadda za ka bambanta su. Kunya tana hana ka abin da zai ƙasƙantar da wani ko ya zubar da mutuncinka. Tsoron dariya kuwa yana hana ka abin kirki, don kawai kada a gan ka kana koyo, ko a gan ka ka yi kuskure. Yarinyar da ta ƙi yin tambaya a ajin kimiyya, ta koma ɗakin kwana da duhun kanta, ba ladabi ta yi wa malami ba. Tsoron 'yan bencin baya ta ji.

Tarihin makarantar boko a Kano ya nuna mana yadda wannan yake aiki. A 1909 wani Bature haifaffen ƙasar Suwizalan mai suna Hanns Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa, bayan ganuwa. Gidansa yana nan har yanzu, ana kiransa Gidan Ɗan Hausa. Iyaye sun yi ɗari-ɗari, kuma gaskiya suna da hujja, domin shekara shida kacal ke nan da aka ci garinsu da yaƙi, wa zai ɗauki ɗansa ya miƙa wa wanda ya zo da bindiga jiya? Ana ba da labari cewa waɗansu masu sarauta da aka matsa musu su kawo yara, sai suka ɓoye nasu suka aika da 'ya'yan barorinsu, daga baya kuwa waɗannan yaran ne suka zama ma'aikatan En'e masu riƙe da littattafai. Tsoron farko mai dalili ne. Abin tambaya shi ne na baya, bayan an ga yara sun je sun komo lafiya, sun iya karatu da lissafi, suna kuma gaida iyayensu kamar dā. Me ya ci gaba da riƙe mutane? A ganina, sau da yawa ba makarantar ake tsoro ba kuma, bakin maƙwabta ake tsoro. Ba mai so a ce a unguwa gidansa ne na fari. Ga 'ya'ya mata abin ya fi tsanani. Sai a 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe wurin koyar da 'yan mata a Kano, aka buɗe wani a Katsina, an kuwa daɗe kafin talakawa su saki jiki da shi.

Kada ku ɗauka wannan halin Hausawa ne kaɗai. A 1951 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka mai suna Solomon Asch ya yi wani gwaji. Yakan zaunar da mutane bakwai ko takwas, ya nuna musu layi guda a kati, sa'an nan ya nuna musu layi uku a wani katin, ya ce su faɗi wanda ya yi daidai da na farkon a tsawo. Amsar a fili take, ko ɗan aji ɗaya zai gane. Amma duk mutanen, ban da guda, an riga an shirya da su su faɗi amsar da ba daidai ba. Mutum gudan nan da bai san shirin ba, yana gani da idonsa, amma yana jin kowa yana faɗin wani abu dabam. Wajen uku cikin huɗu na waɗanda aka gwada sun bi jama'a sun faɗi ƙarya aƙalla sau ɗaya. Asch ya kuma gano wani abu da nake so ku riƙe, domin za mu komo kansa: in aka sami mutum ɗaya tak a cikin taron da ya faɗi gaskiya, bin jama'ar yakan ragu ƙwarai da gaske.

Wani gwajin kuma, da Thomas Gilovich da abokan aikinsa na Jami'ar Cornell suka buga a shekara ta 2000, ya fi ban dariya. Sukan sa ɗalibi ya sa riga mai hoton wani mawaƙi da samari suke jin kunyar a gan su da shi, su tura shi cikin ɗaki inda waɗansu ɗalibai suke zaune. Da ya fito sai a tambaye shi, mutum nawa kake tsammani sun lura da rigarka? Masu rigar sukan ce wajen rabi. Da aka tambayi na cikin ɗakin, wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai suka lura. Watau muna ninka idon da ke kanmu. Mutanen da ke zaune a dakalin nan kowa da abin da ya dame shi, wani kuɗin haya, wani ciwon ɗa, wani bashin kasuwa. In ma sun yi maganarka, iyakarta kwana biyu, da an yi wani biki ko wata rigima a unguwa an manta da kai. Kai kuwa ka bar abin da za ka ci moriyarsa shekara arba'in saboda maganar kwana biyu.

Tsoron faɗuwa

Muna da wani karin magana da ragwaye suke ƙauna: da muguwar rawa gara ƙin tashi. Yana da gaskiyarsa a inda aka yi shi, watau kada mutum ya tsoma kansa cikin abin da zai jawo ɓarna. Amma in aka bi shi a kowane abu, ba wanda zai taɓa iya rawa, gama rawar farko ta kowa muguwa ce. Masana biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun nuna a 1979 cewa zafin asara ya fi daɗin riba nauyi a zuciyar mutum, binciken baya kuma ya kimanta bambancin da wajen ninki biyu. Ɓatan naira ɗari yana yi maka ciwo fiye da yadda tsintar naira ɗari take faranta maka rai. Saboda haka in muka ɗora "in na faɗi fa?" da "in na ci fa?" a kan sikeli, sikelin da kansa a karkace yake tun kafin a fara awo.

Malam Aminu Kano ɗan cikin birni ne, an haife shi a unguwar Sudawa a 1920, a gidan malamai da alƙalai na Genawa. Ya yi karatu a Kwalejin Kaduna, ya koyar a Makarantar Midil ta Bauci, ya tafi Landan ƙaro ilimi a 1946, daga baya aka kai shi kwalejin horon malamai ta Maru. A wancan zamani ɗan Arewa mai irin wannan ilimi da albashin wata-wata, ana iya ƙirga su. A 1950 ya ajiye aikin, ya shiga jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta na shekarar, wadda 'ya'yanta suka sha ɗauri da duka. Ba siyasa nake koya muku ba, kowa da ra'ayinsa a kanta. Abin da nake so ku gani shi ne abin da ya biyo baya. A zaɓen 1954 ya tsaya, Maitama Sule ya kayar da shi. Sai a 1959 ya ci kujerar majalisar wakilai ta tarayya. A 1979 ya nemi shugabancin ƙasa a jam'iyyar PRP bai samu ba, ko da shi ke jam'iyyarsa ta ci gwamnan Kano da na Kaduna. In aka ƙirga, ya faɗi zaɓe fiye da yadda ya ci. Ya rasu a 1983 ba tare da ya tara dukiya ba. Yau filin jirgin saman Kano da babban asibitin koyarwa sunansa suke ɗauke da shi, gidansa na Gwammaja kuma, Gidan Mambayya, ya zama cibiyar nazari ta Jami'ar Bayero. Da faɗuwa tana kashe mutum kamar yadda muke tsammani, da tun 1954 an daina jin sunansa. Ɗalibin da ya ƙi sake zaman jarrabawa don ya faɗi sau ɗaya, ya yi tunani a kan wannan.

Shinge na gaske

Zan yi ƙarya in na ce duk abin da ke hana mutum a cikin kansa yake. Akwai talauci. Akwai kuɗin makaranta da uba ba shi da su, akwai ciwo, akwai yarinyar da aka yanke mata shawara ba a tambaye ta ba. Wanda yake cikin irin wannan hali ba rago ba ne, kada wanda ya ƙoshi ya yi masa gori.

Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammed wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1975 zuwa 1976, an haife ta a Kano a 1959. An cire ta daga makaranta tana da shekara wajen 13 aka yi mata aure. Wannan shinge ne na gaske, ba ita ta gina shi ba. Amma akwai shinge na biyu da yake jiran duk wanda ya sami kansa a irin wannan hali, shi ne cewa "lokaci ya riga ya wuce, wa zai zauna a benci da girmansa?" Wannan na biyun ne ta ƙi yarda da shi. Ta koma karatu ta ajin manya, irin wanda Jihar Kano ta kafa wa hukuma ta musamman a 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi. A 1987 ta fitar da littafinta na fari, Budurwar Zuciya. A 1990 ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne, da kuma Wa Zai Auri Jahila? A 2012 aka buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Turanci a ƙasar Indiya. Masu yaƙi da jahilci sukan ce gemu ba ya hana ilimi. Ashe goyo ma ba ya hanawa.

Mutanen da na ambata duk sanannu ne, wani zai ce ai su dabam ne. Amma a ranar da kowannensu ya yanke shawara ba sananne ba ne, maraya ne mai tallar goro, da malamin makaranta a ƙauye, da yarinyar da aka cire daga aji.

Akwai wata dabara da zuciya take yi mana wadda ya kamata a tona. Takan ɗauki tsoro ta sa masa suna mai kyau. Wani ya ce haƙuri yake yi, wani ya ce haka aka ƙaddara masa, wani ya ce biyayya ce ga iyaye. Dukansu abubuwa ne masu daraja a wurinsu. Amma manomin da bai yi shuka ba, ba haƙuri yake yi ba in ya zauna yana duban gona. Wanda bai cika takarda ba kuma bai san abin da aka ƙaddara masa ba tukuna. Biyayya kuwa sai an ba da umarni ake yinta. Sau nawa ɗalibi yakan ce "Babana ba zai yarda ba", in ka tambaye shi ko ya taɓa faɗa masa, sai ya sunkuyar da kai?

Aikin hutu

Tun da darasi ne, ga aikin da za ku tafi da shi gida. Ka sami takarda, ka rubuta abu ɗaya da kake so ƙwarai amma ba ka taɓa nema ba. A ƙarƙashinsa ka rubuta sunayen waɗanda suka hana ka da bakinsu, ba waɗanda kake tsammani za su hana ba. In ka rubuta "mutane", ka soke, gama mutane ba suna ba ne. Da yawa daga cikinku za su ga wurin ya zauna fari fat. Waɗansu za su ga suna ɗaya ko biyu, wannan kuwa ya fi sauƙi, domin mutum mai suna ana iya zuwa wurinsa a yi magana.

In mahaifi ne, kana kuwa jin nauyin tunkararsa, al'adarmu ta riga ta yi mana hanya. Ba a san ɗa yana tsayawa gaban uba yana jayayya ba, amma an san a bi ta wurin kawu, ko gwaggo, ko aminin uba, ko malamin da yake ganin girmansa. Ka je ka gaishe shi, ka ce, "Kawu, akwai maganar da nake so ka taya ni kai wa Baba." In kuɗi ne matsalar, ka binciko ainihin adadin, nawa ne kuɗin takarda, nawa ne na koyon sana'ar a wata, domin kuɗin da ba a ƙirga ba kullum yakan fi na gaske yawa. Sa'an nan ka tuna da mutum gudan nan na gwajin Asch. Ka nemi aboki ɗaya, ko malami ɗaya, ka faɗa masa abin da ka rubuta, ku sa ranar da zai tambaye ka inda aka kwana.

Ku kuma malamai da iyaye, in yaro ya zo muku da irin wannan takarda, ku saurare shi har ya gama kafin ku ce wani abu, ko da a ƙarshe za ku ce a'a. Ɗalibai su komo da takardunsu a makon farko na sabon zango, wanda ya yarda a karanta tasa a aji za a karanta, wanda bai yarda ba ya nuna wa malamin ajinsa shi kaɗai.